Motar Baffan Ɗalhatu

Gumel,
3 ga Satumba.

Zuwa ga 'yata Hannatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki Malam Ɗalhatu, da su Khairiyya da Siddiƙu. Ya damina a Ɗanzomo? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwa da wannan kunnen da ƙarar injina ta cinye. Shi ya sa na ɗauki biro. Idan na ba innarki saƙo ta faɗa miki a waya, sai ta tace shi kamar koko, ta zubar da duk abin da ke da amfani a ciki. Aminullahi direba ne zai kawo miki takardar.

Innarki ta ce kin sayar da bijimanki shida a kasuwar Maigatari, kin haɗa da kuɗin riɗin bara, za ki sayi motar da za ta riƙa ja miki injin casa ƙauye-ƙauye idan kaka ta yi. Na yi murna, Allah ya sa albarka. Shekara uku ke nan kina hayar tarakta, mai ita ya zo ranar da ya ga dama, manoma su gaji da jiranki. Amma ba zan ɓoye miki ba, raina ya sosu da na ji zancen bayan shanu sun riga sun hau mota. Shekara talatin da takwas na yi a ƙarƙashin motocin mutane. Har yau daga Gagarawa ana tako ƙafa a tambaye ni kafin a sayi ko da babur ne, sai 'yar cikina ce ba ta ga ina da abin faɗa ba. To ko ba ki tambaya ba ga shi nan, ki karanta wa Ɗalhatu tunda shi zai tuƙa.

Motar jan kaya a yashin ƙasarmu ba motar zuwa biki ba ce. Kada fenti ya ruɗe ku. Ku nemi akori-kura mai shan gas, mai giyar hannu, mai fowil, wato wadda tayoyinta huɗu duka suke ja. Wadda take canja giya da kanta ku bar wa ma'aikatan sakatariya, don da kin rataya mata injin kin shiga yashi za ta ɗau zafi ta zauna. Kuma ta zama irin wadda ake samun kayanta a nan Gumel, ba wadda sai an aika Legas a kan kusa ɗaya ba.

Ku je ganinta da sassafe, kafin mai ita ya ɗumama ta. Ɗalhatu ya taɓa injin ya ji da sanyi, sannan a tayar. In ta yi tari ta saki shuɗin hayaƙi, ku yi sallama ku tafi. Lambar tafiyar da ke gaban direba kada ku kula ta, ana mayar da ita baya a kan kuɗin goro. Ku dubi robar birki da ta kuloci da sitiyari, su ne ba sa ƙarya.

Sannan babban abu: ya shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙarƙashinta. Ya bi shasi, ƙarfen da gangar motar take zaune a kai, da ido tun daga gaba har baya, musamman inda ƙugiyar jan kaya take, ya ga ko akwai tsatsa ko walda. Ya ƙirga furofela, sandar ƙarfen nan da ke kai ƙarfin injin zuwa tayoyi. Biyu ne, ɗaya ta yi baya, ɗaya ta yi gaba. Bayan nan a rataya mata injin casar, a shiga da ita yashi mai zurfi, a sa ƙaramar giya, ke kuma ki tsaya a waje ki ga da idonki tayoyin gaba suna watsa ƙasa. Duk wanda ya hana ku wannan gwajin, ya san abin da yake ɓoyewa. Takardun kwastan ma ku duba, kun san Maigatari.

Game da kuɗi, na zaga na tambaya. Tsohuwa mai lafiya ba za ta wuce miliyan tara ba. Ku fara tayi daga bakwai da rabi, in an ƙi ku juya ku kama hanya, za a kira ku. Kuma ki riƙe miliyan ɗaya a gefe saboda taya da kuloci, kada ki zuba duka.

Ki gaida Malam Ɗalhatu da kyau, ki shafa mini kan yaran. Innarki tana gaishe ku.

Mahaifinki,
Barau.


Gumel,
9 ga Satumba.

Hannatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, ke da mutanen gida. Na samu amsarki a hannun Aminullahi, na karanta ta sau uku, kuma kowane karo raina ƙara ɓaci yake yi.

Ashe mota ta riga ta samu, kuma ta Alhaji Shehu ce, baffan mijinki. Kin ce da ya ji kuna nema sai ya aiko ya ce kada ku wahalar da kanku a hannun dillalai, ga tasa da take kai masa kaya Kano, ku kawo miliyan sha ɗaya. Kin ce ba a yi tayi ba saboda Ɗalhatu ba zai iya taya kayan wanda ya riƙe shi tun yana maraya ba. Kin ce zancen kwanciya a ƙarƙashinta ma bai taso ba, don a idon mutane kamar an ce Alhaji macuci ne. Har kin ƙara da cewa fara ce sol, kujerunta da leda.

Hannatu, kujera za ta ja miki injin? Na san Alhaji Shehu, mun haɗa iri, ina ganin girmansa. Amma ƙarfe bai san baffa ba. Yashin yamma da Ɗanzomo ba zai tambayi wanda ya sayar da mota kafin ya haɗiye ta ba. Motar da ta yi shekaru tana bin kwaltar Maigatari zuwa Kano, wa ya san rabonta da shiga yashi? Kuma sha ɗaya fa, duk abin da kike da shi ke nan, ko na taya ɗaya ba zai rage ba. In Alhaji taimako ya yi niyya, ai kamata ya yi kuɗin ya sauka ƙasa da na kasuwa, ba ya haura da miliyan biyu ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan kunyar da ake yi da dukiyarki. Ɗalhatu yana son ya yi wa baffansa ladabi, madalla, ya yi da nasa. Shi ya yi shekara tara yana tashi da asuba yana dama wa bijimai dusa? Shi ya sha rana a gonar riɗi? Namiji baligi, mai 'ya'ya biyu, a ce bakinsa ya yi nauyin da ba zai iya cewa baffa bari mu gwada ba. Wannan ba ladabi ba ne, ragwanci ne, kuma kina iya faɗa masa ni na ce.

Ki riƙe kuɗinki zuwa Alhamis. Zan zo Maigatari da kaina in duba ta, ni ba ni da wannan ciwon na kunya. In suna son ganin laifin wani, su ga nawa.

Ki gaida yara. Innarki ta ce in gaishe ki, ta kuma ce in sassauta, na ce mata na ji.

Mahaifinki,
Barau.


Gumel,
14 ga Oktoba.

'Yata Hannatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya gida, ya haƙuri da abin da ya faru? Innarki ta ce muryarki ba daɗi a waya, kuma ba kya cin abinci. Ki ci, don Allah, rashin ci ba zai gyara komai ba.

Wata guda ban rubuto miki ba, kin kuma san dalili. Na ce ki jira Alhamis, kuka kai kuɗi ranar Laraba, wai kada Alhaji ya ji an ce za a kawo mai dubawa. Na yi fushi na ce bakina ya fita daga zancen motar nan. To jiya sai ga ta a ƙofar gidana, a bayan tarakta, Ɗalhatu yana zaune a ciki kansa a ƙasa.

Ya ba ni labari, ko da yake kin riga ni sani. Fitar farko, da injin a baya, ko mil uku ba su yi daga kwalta ba ta kafe. Ya sa ƙaramar giya, fitilar fowil ta kama a gabansa, ya yi ta ba ta wuta, tayoyin baya suna haƙa rami, na gaba suna tsaye kamar an dasa su. Bai daina ba sai da warin kuloci ya cika wurin. Manoman da suka tara dammunan gero tun safe suna jiran injinki su ne suka zo da shanun huɗa suka jawo ta. Da ya zo nan a labarin sai da na tashi na shiga gida na sha ruwa.

Na shimfiɗa buhu na kwanta, da wannan gwiwar tawa. Ban yi minti ɗaya ba, Hannatu. Babu furofelar gaba. An cire ta tuntuni, har gurbin ya yi tsatsa. Na buɗe aksil ɗin gaba, wanda ke juya tayoyin gaba, haƙoransa a kakkarye, ɓaraguzan ƙarfe ne suka zubo mini a hannu maimakon mai. Ga abin da ya faru: aksil ya lalace, aka ga gyaransa da tsada, sai aka zare furofela aka ci gaba da bin kwalta da tayoyin baya, inda ba wanda zai gane. Fitila kuwa za ta kama ko da babu komai a ƙasa. Kin ba da miliyan sha ɗaya a kan motar da a haka ko bakwai ba ta kai ba, ga kuloci ya ƙone a kai.

Yanzu ga abin da ban so in rubuta ba, amma gara ki ji daga gare ni. Da na fito na nuna wa Ɗalhatu gurbin, bai yi mamaki ba. Na tsare shi da ido, sai ya ce ya gani. Ranar da kuka kai kuɗin, makulli ya faɗi, ya sunkuya ɗauka, idonsa ya kai wurin. Ya ce ya so ya yi magana, amma baffa yana tsaye a kansa yana sa masa albarka, jakar kuɗi kuma tana hannun baffa, sai ya ce wa kansa wataƙila ita haka aka ƙera ta. Direba, mai lasin, ya ce wa kansa haka. Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa suruki ba, a bakin titi, mutane suna ji. Ban yi nadama ba.

Kaka ba ta jiran kowa. Na ji wani mai injin daga Gagarawa ya fara shiga ƙauyukanku, kuma kin fi ni sanin cewa manomi in ya saba da wanda ya zo masa bana, baɗi shi zai nema. Gyara zai ci kuɗin da ba ki da shi da kwanakin da ba ki da su. Hanya ɗaya ce: Alhaji ya karɓi motarsa ya dawo miki da kuɗinki, ni kuma akwai wata tsohuwa a Sule Tankarkar da na san cikinta da bayanta, mummuna ce amma tana ja, a takwas da rabi za a bar mana. A mako guda kin koma aiki.

Jibi Alhamis zan je Maigatari. Ba zan aika kowa ba, ba kuma zan ja shi gefe ba. Na ɗaure ɓaraguzan haƙoran a tsumma, a gaban jama'arsa zan kwance masa su. Ki kwantar da hankalinki, ubanki yana da rai.

Ki gaida Khairiyya da Siddiƙu. Allah ya mayar miki da alheri.

Mahaifinki,
Barau.


Gumel,
18 ga Oktoba.

Hannatu 'yar albarka,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki, da yara. Kwana biyu ke nan da dawowata daga Maigatari. Na san kina sauraren Aminullahi tun jiya, ni ne na ce masa ya wuce, takarda ba ta kammalu ba. Wannan ita ce ta huɗu da na fara.

Na isa da hantsi, ƙullin ƙarfen yana aljihuna, maganar da zan faɗa kuma na haddace ta tun a mota. Na tarar da Alhaji Shehu a rumfarsa, cike da mutane: abokan cinikinsa daga Damagaram, limamin unguwarsu, mazajen 'ya'yansa mata biyu. Yana hango ni ya miƙe, dattijo da ya girme ni da shekara goma, ya tako ba takalmi ya tarye ni. Ya sauka daga dardumarsa ya zaunar da ni a kai. Aka kawo fura da nono, aka aika a gaso kaji. Ya shiga nuna ni ga mutane ɗaya bayan ɗaya, yana cewa ga surukinsa, wanda duk ƙasar Gumel ba a yi makaniken da ya kama ƙafarsa ba, wanda ya ba su 'ya mai kamun kai da neman na kanta. Ya ba da labarin yadda aka kawo masa Ɗalhatu yana ɗan shekara huɗu ranar da aka binne ƙanin Alhaji, mahaifin yaron, har idonsa ya kawo ruwa. Na ce a raina bari a ci abinci tukuna. Aka ci, na ce bari a yi azahar. Aka yi.

Bayan salla shi da kansa ya ɗauko zancen. Ya ce ya ji motar da ya ba yaran ta ba su 'yar wahala a yashi, an kai ta wurina. Ya ce shi ba ya sanin kan mota, direbobi ne ke hawa, amma tunda ga masani a zaune, in faɗa a gaban liman: in akwai aibu a jikinta a dawo masa da abinsa, kuɗin yana nan bai taɓa ba. Ko ya sani ko bai sani ba, Allah ne masani, har yau ban iya yankewa ba. Abin da na sani, ƙofa ta buɗe mini, kuɗinki yana bayanta.

Kowa a rumfar ya juyo. Hannuna yana aljihu a kan ƙullin. Na dubi furfurarsa, na dubi surukansa da ke durƙushe a bakin tabarma, na ga in na kwance tsumman nan na ce wa mutumin nan macuci a gabansu, da maiƙon kajinsa a hannuna. Na tuna a cikin danginsa kike zaune. Sai na ji bakina yana cewa, “Alhaji, mota ta yi. Ɗan gyara ne kawai.”

Ya ce alhamdu lillahi, jama'a kun ji masani ya faɗa. Liman ya ɗaga hannu aka yi addu'ar Allah ya sa a kashe lafiya, ni ma na shafa. Da zan tafi ya sa aka ɗora mini buhun shinkafa da yadin shadda a mota, na karɓa, har na yi godiya.

Ciniki ya ƙullu, Hannatu, da shaidu, kuma da bakina. Ba Ɗalhatu ba ne ya ƙulla shi. Shi yaro ne a gaban wanda ya rene shi, kuma kallo ɗaya ya yi. Ni na buɗe, na gani, na riƙe shaida a hannu, aka ce in faɗa, na ce ta yi. Tun a hanya nake jin haushin kaina irin wanda ban taɓa ji a kan wani mutum ba. Innarki da ta ji, ta ɗauki shinkafar ta kai wa maƙwabta. Da ma faɗa ta yi mini.

Ga abin da ya rage. Litinin zan shiga Kano, Ƙofar Ruwa, in nemo aksil da furofela da kuloci na hannu. Kuɗin kayan kada ki tambaya, ba naki ba ne. In aka dace, mako uku za ta tashi, kuma za ta ja yadda ya kamata, wannan kam hannuna bai mutu ba. Amma ba zan yaudare ki ba: kafin nan mai injin Gagarawa ya gama da ƙauyukan yamma, abin da za ki samu bana kala ne kawai. Wasu za su dawo miki baɗi, wasu ba za su dawo ba. Miliyan huɗun da suka hau kan motar kuwa sun tafi.

Ki faɗa wa Malam Ɗalhatu ya zo ranar Laraba da kayan aiki a jikinsa, ni kaɗai ba zan iya ɗaga aksil ba. Ki ce masa ya shigo kansa tsaye, ba zai ji komai daga bakina ba, ba ni da bakin. Ke kuma ban ce ki yafe mini yanzu ba. Shekara tara kika yi kina tarawa, na ba da shi a zama ɗaya don kada ran wani dattijo ya ɓaci, kuma ban tambaye ki ba.

Ki gaida yara. Innarki tana gaishe ki, ta ce za ta zo ta kwana biyu a wurinki. Ni sai motar ta tashi zan iya zuwa.

Mahaifinki,
Barau.